Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Tarakta da Kula da Ita, Mataki Bayan Mataki

Tambayar da masu karatu suka fi maimaita mini a 'yan watannin nan ita ce ta tsohuwar tarakta. Wani ya gaji ta mahaifinsa, wani ya sayi wadda ta shekara biyar ko fiye a ajiye a ƙarƙashin bishiya, kuma kowannensu yana son ya san ta inda zai faro. Taraktocin da aka ƙera tsakanin shekarun 1940 da 1970, irin su Ferguson TE20, Ford 8N, Fordson Major da Massey Ferguson 35 da 135, an yi su ne da ƙarfe mai kauri da tsari mai sauƙin fahimta, saboda haka mai haƙuri zai iya gyara mafi yawan abin da ke damunsu da sifanoninsa. Abin da ya fi lalata su shi ne gaggawar mai su, wanda zai ɗaura sabon batir ya murza makulli tun ranar farko, kafin ya san abin da ke kwance a cikin injin. Saboda haka na jera matakan nan yadda ya kamata a bi su, kuma ina roƙon kada a tsallake wani don an ga na gabansa ya fi ban sha'awa.

1. Ka san wadda ke hannunka

Kafin ka taɓa noti ko ɗaya, ka nemi lambar taraktar da lambar injinta. Ta taraktar tana kan ɗan faranti na ƙarfe, galibi kusa da sitiyari, ta injin kuwa a buge take a jikinsa, kuma sau da yawa sai an kankare dattin shekaru kafin ta bayyana. Muhimmancin wannan shi ne suna ɗaya yana iya ɗauke da injuna daban-daban. Massey Ferguson 35, alal misali, akwai mai injin fetur, akwai mai dizal mai silinda huɗu, akwai kuma mai dizal na Perkins mai silinda uku, kuma kayan ɗaya ba sa shiga ɗaya. Da waɗannan lambobi za ka nemi littafin gyaran samfurin, wanda a cikinsa ne ake samun ma'aunin ɗaure kowane noti da yawan man da kowane sashe yake sha. Duk inda adadin da na ambata a nan ya saɓa da na littafin taraktarka, na littafin za ka bi.

2. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Yawancin waɗannan taraktoci notocinsu na ma'aunin inci ne, don haka sifanar milimita za ta yi kamar ta kama, amma sai ta cinye kan notin ta bar ka da aiki biyu. Ka tanadi sifanoni da soket na inci, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da siraran ƙarafunan auna tazara, da mitar auna lantarki, da bindigar giris, da gudumar roba, da burushin waya, da man sassauta tsatsa. Ana bukatar jak mai ƙarfi tare da katakai masu kauri na tokarewa, da manyan tasoshin tarar mai, da abin kashe gobara a kusa. Ka riƙa ɗaukar hoton kowane sashe kafin ka kwance shi, kana zuba notocinsa a gwangwani daban da sunansa a jiki, domin bayan wata guda ba za ka tuna wane ne na ina ba.

Ta fuskar kuɗi, mai da filtoci da fanbel da tiyo da filogi su ne masu sauƙi. Masu cin kuɗi huɗu ne: tayoyin baya, gyaran famfon injekta (famfon da ke tura dizal cikin silinda), sauke inji a yi masa ofahol, wato a kwance shi gaba ɗaya a sabunta kayan cikinsa, da kuma tsagewar gangar inji ko ta giya. Sabbin tayoyin baya biyu kaɗai suna iya kusantar kuɗin da aka sayi taraktar. Shawarata ita ce kada ka sayi babban kaya ko ɗaya, musamman taya da fenti, sai injin ya tashi ka ji muryarsa, domin a lokacin ne za ka san ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

3. Wanki da zagaye

Ka ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, ka sa wa tayoyi waigi gaba da baya, ka cire batir idan akwai. Tun kafin wanki ka zagaya ta ka lura da inda mai ya jiƙa, domin wanki zai share maka wannan shaida. Daga nan ka toshe bakin salansa da mashigar iska, ka kankare laka da tsohon giris, ka wanke da kananzir da burushi. Bayan ta bushe ka bi gefen injin da fitila kana neman tsaga ko alamar tsohuwar walda, musamman idan ta zauna a ƙasar da ruwa ke daskarewa, domin ƙanƙara tana fasa gangar inji.

Gargaɗi: kada ka harba ruwa mai ƙarfi a kan famfon injekta, ko dilko (abin da ke rarraba wuta ga filogi a injin fetur), ko ramin da sandar giya ta shiga. Ta wannan ramin ne ruwa ya fi shiga akwatin giya.

4. Juya injin da hannu

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Ka sa giya a firi. Idan injin fetur ne ka cire filogi duka, idan na dizal ne ka cire nozul duka, bayan ka hure dattin da ke kewaye da su don kada ya faɗa ciki. Ka zuba kamar cokali biyu na baƙin mai a kowace silinda, ka buɗe murfin bawul, wanda galibi a saman inji yake, sannan ka sa soket a notin gaban kiranshaf ka juya a hankali. Abin da kake nema shi ne ya zagaya sau biyu cikakku ba tare da ya cije ba, kuma kowane bawul ya sauka ya dawo. Bawul ɗin da ya sauka ya ƙi dawowa ya maƙale ne, sai ka jiƙa sandarsa da man sassauta tsatsa, ka riƙa ɗan bubbuga shi da gudumar roba har ya saki.

Idan injin ya ƙi motsi gaba ɗaya, to fistin ya kama bangon silinda da tsatsa, kuma galibi ruwan sama ne ya bi ta salansar da aka bari a buɗe. Ka cika kowace silinda da gaurayen dizal da siririn man giya na motoci masu canza giya da kansu, ka rufe, ka bar shi sati ɗaya ko biyu kana ƙarawa. Kowace rana ka sa babbar giya ka ɗan jijjiga tayar baya gaba da baya da hannu, kana kallon fanka ko za ta motsa. Ranar da ta motsa ko da faɗin yatsa ne, to an samu hanya, sai ka ci gaba a hankali. Idan an shafe wata guda shiru, sai a sauke tof silinda a ga abin da ke ciki.

Gargaɗi: kada a ja tarakta da wata mota a saki kuloci don a tilasta wa injin juyawa. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure a taraktata ta farko. Mun ja ta, na saki kuloci, muka ji wani ƙara guda ɗaya kamar an buga guduma a kan maƙera, daga nan shiru. Da muka sauke kan injin sai muka tarar da ruwa mai launin tsatsa cike da silinda ta biyu, sandar fistin kuwa ta lanƙwashe kamar lauje. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka ƙarfe ne ya ba da kai. Aikin da sati biyu na haƙuri zai gama ya koma na wata huɗu. Haka nan, bayan injin ya saki, sai ka rufa tsumma a kan ramukan ka juya shi har duk ruwan da ka zuba ya fice kafin ka mayar da filogi ko nozul.

Tun da murfin bawul yana buɗe, ka daidaita tazarar bawul. A injin Perkins mai silinda uku na Massey Ferguson 135 tazarar ita ce inci 0.012, wato milimita 0.30, injin yana sanyi.

5. Baƙin mai, ruwa da iska

Kafin ka zubar da tsohon mai, ka sassauta notin ƙasan kaskon inji kaɗan ka ga abin da zai fara ɗigowa. Ruwa ya fi mai nauyi, shi ya sa yake kwanciya a ƙasa. 'Yan ɗigo kaɗan raɓa ce ta zaman ajiya, amma idan ruwan ya yi yawa, ko man ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara, to ka zargi gasket na kan inji ko robobin ƙasan hannun rigar silinda. A injin da ya daɗe a ajiye ya fi kyau a sauke kaskon gaba ɗaya, domin za ka tarar da taɓon mai mai kauri a ƙasansa, kuma shi ne ke toshe rariyar da famfon mai yake zuƙa ta ciki. Ka wanke su da kananzir, ka sa sabon gasket da sabuwar filta, ka zuba sabon mai. Wannan man na farko na wanki ne, ka sake canza shi tare da filta bayan awa goma zuwa ashirin na aiki, domin zai kwaso dattin da ya rage.

A Ferguson da Massey Ferguson mai ɗaya ne yake yi wa akwatin giya da haidirolik da gatarin baya aiki, kuma notin zubarwa ya fi ɗaya, don haka ka nemo su duka. Gargaɗi: kada ka zuba man giya na zamani mai lambar GL-5 a tsohuwar tarakta sai littafinta ya yarda, domin sinadaran da ke cikinsa suna iya cin sassan tagulla da ke cikin famfo da giya.

Ga lagireto kuwa, ka zubar da ruwan ta famfon ƙasansa da kuma na jikin injin. Idan na jikin injin bai zubo da komai ba, laka ce ta toshe shi, sai ka zura waya. Ka ɗauraye har ruwan ya fito garau, ka hure ƙaiƙayin da ya cushe a tsakanin haƙarƙarin lagireton daga baya zuwa gaba, ka canza duk tiyon da ya bushe ko ya kumbura. Ka kama fanka ka girgiza, idan tana rawa to boris na famfon ruwa ya mutu. Fanbel ya kamata ya lotsa kamar santimita ɗaya idan ka danna tsakiyarsa da babban yatsa. Kada ka ɗora murfin lagireton motar zamani, domin matsinsa ya fi ƙarfin tsohon lagireto.

Filtar iskar yawancinsu mai kofin mai ce a ƙasa. Ka kwance kofin, ka kwashe lakar, ka wanke ragar wayar da ke sama, ka zuba baƙin mai daidai layin da aka zana. Idan ka wuce layin, injin dizal zai zuƙi man ya ƙone shi, kuma hakan yana iya sa ya yi ta gudu ba tare da ya ji totur ba.

6. Hanyar man konawa

Tsohon mai duk a zubar da shi. Ka sauke tanki ka leƙa da fitilar hannu, ba da wutar ashana ba. Idan akwai tsatsa, ka zuba tsofaffin notoci da dizal ka yi ta girgizawa, kana ɗaurayewa har ya fito tsaf. Ka wanke rariyar famfon tanki da kofin gilashin da ke tare ruwa, ka canza filtoci tare da robobinsu.

A injin dizal aikin da ke biye shi ne fitar da iska, kuma yana da tsari. Ka cika tanki ka buɗe famfonsa. Ka sassauta notin saman filta, ka yi ta danna hannun ƙaramin famfon da ke gefen inji har mai ya fito ba kumfa, sannan ka ɗaure. Idan hannun ya yi sakwaf kamar ba ya tura komai, ka juya injin zagaye ɗaya, domin wataƙila ya tsaya ne a kan tudun da ke danna famfon. Daga nan sai famfon injekta. A famfo ƙirar kamfanin CAV irin na Massey Ferguson 135 akwai ƙananan notocin fitar da iska guda biyu, ka fara da na ƙasa sannan na sama. Ƙanana ne ƙwarai kuma suna saurin karyewa, don haka ka ɗaure su da yatsu biyu a kan sifana. A ƙarshe ka sassauta notocin bututun ƙarfe a bakin nozul, ka tabbata ba a bar sandar kashe inji a wurin kashewa ba, ka buɗe totur, ka yi kik har mai ya fara tsartuwa, sannan ka ɗaure.

Gargaɗi: man da ke fita daga nozul yana da matsin da zai huda fata ya shiga tsoka, kuma raunin, ko da ya yi kama da tsinin allura, na gaggawar asibiti ne. Kada ka laluba yoyo da yatsa, ka yi amfani da kwali. Kada kuma ka buɗe cikin famfon injekta a gida. Sassansa an goge su ne daidai da juna, ƙwayar rairayi ɗaya tana iya ɓata su, kuma garin gyaran gira sai a rasa ido. Shi da nozul a kai wa masu injin gwada su.

A injin fetur, kafireta za ka kwance ka jiƙa, ka hure ƙananan ramukanta da iska, ba da waya ba, domin waya tana faɗaɗa su. Ka girgiza 'yar tulun da ke iyo a cikinta kusa da kunnenka, idan ka ji motsin ruwa to ta huje. Ka buɗe dilko ka goge kwantak ko ka canza shi tare da kwandensa. A Ford 8N tazarar kwantak inci 0.015 ce idan dilkon yana gaban inji, 0.025 idan yana gefe. Ka cire wayoyin filogi ɗaya bayan ɗaya don kada jerinsu ya rikice.

7. Lantarki

Ka fara tabbatar da abu biyu: tsarin na volt 6 ne ko na 12, kuma wane kan batir ne aka haɗa da jikin taraktar. Ford 8N ta fito ne da volt 6, kuma kan da ke da alamar tarawa shi ne a jiki, saɓanin motocin yanzu. Amma da yawa an sauya musu tsari an sa altaneta, kuma idan ka juya batir a kan altaneta, nan take za ta ƙone. Ka bi wayoyin da idonka, kada ka yi zato.

Mafi yawan matsalar da ake ɗora wa kik, ta datti ce a mahaɗar wayoyi. Ka goge kawunan batir da inda wayar jiki ta kama ƙarfe har su yi ƙyalli. Tsarin volt 6 yana bukatar wayoyin batir masu kauri sosai, siraran wayoyin mota ba za su juya shi da ƙarfi ba. Duk wayar da rigarta ta farfashe ko ɓera ya ci, a canza ta, domin ita ce mafarin gobara. Cikakken batir na volt 12 yana nuna kusan 12.6, idan kuma injin yana aiki ya kamata mita ta nuna wajen 14.

Gargaɗi: kada ka tsaya a ƙasa ka haɗa kan kik da sukudireba. Idan giya tana ciki, taraktar za ta tashi ta taka ka, domin a daidai gaban tayar baya kake tsaye. Wannan ɗabi'a ta ci rayuka, kuma a wurina ba ta da wani uzuri. Daga kan kujera ake tayarwa, giya a firi, ƙafa a kan kuloci.

8. Tayarwar farko

A fili za a yi ta, ba a rufaffen ɗaki ba. Idan da hali, ka fara juya injin da kik ba tare da mai yana shiga ba, har allurar matsin baƙin mai ta motsa. Ga injin dizal, ka cire tiyon mashigar iska ka ajiye guntun katako mai faɗi a kusa, wanda wani zai danne bakin da shi idan injin ya ƙwace ya ƙi mutuwa. Ba da tafin hannu ake toshewa ba. Kada ka riƙe kik fiye da daƙiƙa goma sha biyar, ka ba shi minti ɗaya ko biyu ya huce tsakanin gwaji. Game da feshin tayar da inji, ni ban yarda da shi ba, kuma haramun ne a injin da ke da abin ɗumama mashigar iska, domin zai iya fashewa a cikin bututun.

Da ya tashi, idonka a kan matsin mai. Idan daƙiƙa goma ta wuce allura ba ta tashi ba, ka kashe. Idan ta tashi, ka bar shi a ɗan sama da silo ya ɗumama, kana zagayawa kana neman yoyo. Hayaƙin mintocin farko na man da ka zuba a silinda ne, kada ya dame ka. Wanda ya ci gaba bayan injin ya yi zafi shi ne mai magana. Shuɗi yana nufin baƙin mai na ƙonewa, ringi ko jagororin bawul sun ci. Baƙi yana nufin mai ya fi iska yawa, ka duba filtar iska da nozul. Fari mai warin ɗanyen dizal na nozul ne ko ƙarancin matsi, fari mai kama da tururi kuwa, tare da kumfa a bakin lagireto, gasket ne.

Idan injin ba shi da ƙarfi, a auna matsin silinda. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne kusancinsu da juna, kada bambancin ya wuce kashi goma cikin ɗari. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare suna nuna gasket ya ƙone a tsakaninsu. Ringin da ya maƙale saboda zama yakan saki bayan 'yan awoyi na aiki mai nauyi, saboda haka kada ka yanke hukuncin ofahol a ranar farko.

9. Kuloci, birki da sitiyari

Taraktar da ta daɗe a ajiye, farantin kulocinta yakan manne da fulawil. Alamar ita ce ka taka feda har ƙasa amma giya ta ƙi shiga sai gurnani. Wani lokaci yakan saki idan an ɗumama injin sosai, an ɗaure fedar a ƙasa an bar ta kwanaki. Idan ya ƙi, sai an raba taraktar biyu, kuma wannan aiki ne na mutum biyu a kan daɓen siminti. Dole a cusa waigin katako a tsakanin gatarin gaba da jikin inji ta gefe biyu, in ba haka ba rabin gaban zai kife da zarar an raba. Tun da an buɗe, a canza boris ɗin kuloci da robar bayan kiranshaf gaba ɗaya, domin kuɗinsu kaɗan ne idan aka kwatanta da wahalar sake rabawa. Fedar kuloci tana bukatar ɗan sako-sako a sama kafin ta fara cizo, gwargwadon abin da littafi ya faɗa.

Birki kuwa a ɗaga kowace tayar baya a daidaita shi har fedojin biyu su kama a wuri ɗaya. Idan birkin gefe ɗaya ba ya ci ko an matse shi, galibi mai ne ya ɓullo ta robar gatari ya jiƙa takalmin, kuma canza takalmi ba tare da canza robar ba asarar kuɗi ce. Gargaɗi: tsofaffin takalman birki da farantin kuloci suna iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Kada a hure da iska, a jiƙa a goge da tsumma. Kada kuma ka shiga ƙarƙashin tarakta tana kan jak kaɗai.

A sitiyari, ka sa wani ya riƙa murzawa hagu da dama kana kallon kowace gaɓa, za ka ga mai rawar da idonka.

10. Haidirolik da PTO

A Ferguson TE20 da Ford 8N, famfon haidirolik ba ya aiki sai an sa sandar PTO, wato sandar baya da ke juya injinan da aka haɗa wa taraktar, tana juyawa. Mutane da dama sun kwance lafiyayyen famfo saboda rashin sanin wannan. Don gwaji, ka rataya garma mai nauyi, ka ɗaga, ka kashe injin. Idan ta sauko cikin 'yan mintoci, akwai yoyo a ciki, kuma ta murfin gefen akwatin da famfon yake ciki ana iya hango inda man yake zubowa daga sama. Idan tana ɗagawa da kyarma, ka fara zargin ƙarancin mai ko ruwa a cikinsa kafin ka zargi famfo. Kada hannunka ya shiga wannan rami injin yana aiki.

PTO tana juyawa sau 540 a minti, wato sau tara a daƙiƙa, kuma idan ta kama bakin riga ba ta saki. A rufe ta da murfinta, a kashe inji kafin a matsa kusa. A waɗannan samfura biyu, injin yankan ciyawa mai nauyi yana iya ci gaba da tura taraktar gaba ko an taka kuloci, sai an sa mahaɗi mai sakin juyi ta hanya ɗaya a bakin sandar.

Duk abin da za a ja, a ɗaura shi a ƙarfen ja na ƙasa. Idan aka ɗaura sarƙa sama da gatari, gaban taraktar zai tashi ta kife ta baya cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu ba. Waɗannan taraktoci sun fito ba su da ƙarfen kariya a bayan kujera, kuma sa shi tare da bel ya fi kowane fenti cancantar kuɗinka.

11. Tayoyi da fenti

Ka duba kewayen bawul ɗin tayar baya. Wasu an cika su da ruwan gishirin kalsiyam don ƙarin nauyi, kuma idan ya yi yoyo yakan cinye rim daga ciki. Rim ɗin da tsatsa ta ci kada a cika masa iska. Iskar baya ba ta da yawa, wajen psi 12 zuwa 14 a ma'aunin iskar taya a aikin gona, ta gaba kuwa kusan ninki biyu. Fenti shi ne na ƙarshe, bayan ta yi wata guda tana aiki kuma an toshe duk wani yoyo, domin fenti ba ya zama a kan mai.

12. Kulawar yau da kullum da ajiya

Kowace safiya kafin aiki a duba baƙin mai da ruwa, a leƙa kofin gilashin mai, a kalli ƙasan da ta kwana ko akwai sabon ɗigo. Kowace awa goma a bi hancinan giris duka, a goge kowanne kafin a ɗora bindiga don kada a tura yashi ciki, kuma a wurin da ƙura ta yi yawa a wanke kofin filtar iska kullum. Baƙin mai da filtarsa a canza su bisa awoyin da littafi ya ƙayyade, idan kuma aikin bai kai ba, to sau ɗaya a shekara duk da haka. Ka riƙa cika tanki da yamma bayan aiki, domin tankin da ya kwana da rabi yana tara raɓa, kuma ruwa shi ne babban maƙiyin famfon injekta. Ka ajiye ƙaramin littafi kana rubuta kwanan wata da awoyi da abin da ka canza.

Idan za a ajiye ta watanni, a canza mai kafin ajiyar, ba bayanta ba, domin tsohon mai yana da tsamin da ke cin boris. Mai dizal a cika tankinta, mai fetur a zuƙe kafiretarta ta bushe. A sauke hannayen haidirolik ƙasa, a cire batir a riƙa yi masa caji kowane wata, a sa waigi maimakon a bar birki a ɗaure. A danne fedar kuloci da guntun katako don kada farantin ya manne, sannan a kifa gwangwani a bakin salansa, a ɗaure shi da waya yadda iska ba za ta ɗauke shi ba.